Zuwa ga Alhazan Kwari, Singa da Dawanau: maganar tazarar da ke tsakaninmu

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai, manyan 'yan kasuwar Kano, na Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari da Ƙofar Wambai, har da waɗanda ba sa zama a kasuwa amma kwantenoninsu ne suke cika ta. Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a cikin nema.

Na san irin wannan wasiƙa gwamnati aka saba rubuta wa, kuma an rubuta har an gaji, kullum ka buɗe Facebook sai ka ga buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mai girma wane. Ni ku na zaɓa, dalili kuwa gwamna shekara 4 ko 8 zai yi ya ƙara gaba, ku kuma kuna nan, a nan aka haife ku, a nan gidajenku suke, a nan sito-sitonku suke, kuma yawan mutanen da suke cin abinci a ƙarƙashinku in aka haɗa da iyalansu wallahi babu ma'aikatar da ta kai ku. Dan Allah kada wani ya ce hassada ce ko tsaurin ido, ban zo raba ku da ko sisi ba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Maganar tazara na kawo muku, tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi, wadda kullum sai ƙara buɗewa take a garin nan da ma duniya baki ɗaya.

Na san amsar da za a fara ba ni, ai Allah ne ya yi wani mai kuɗi ya yi wani talaka, yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne. Haka ne, babu musulmin da zai ja da wannan, kuma babu mai hankalin da ya ce sai kowa ya zama daidai da kowa. Amma yatsun nan duk a hannu ɗaya suke, kuma idan aka ɗebo loma gaba ɗayansu suke shiga kwano. Abin da nake magana a kai shi ne yaron da aka haifa yau a Rimin Kebe ko Ɗorayi ko Kurna, shin yana da wata hanya da zai bi ya taka matsayin da kuka taka? Da yawanku daga tallan kai kuka fara, wasu daga dako, wasu yaran shago ne aka sallame su da ɗan jari Allah ya buɗa. Wannan ƙofar da kuka shigo ta ciki ita ce take rufewa, kuma kun fi ni sanin haka don a gabanku ake yi.

Bari na ɗan kawo lissafi tunda ku mutanen lissafi ne. Wani babban rahoto kan rashin daidaito a duniya da ya fito na shekarar 2022 ya nuna in aka kasa dukiyar duniya gida 100, mutum 10 cikin 100 na sama sun riƙe gida 76, rabin mutanen duniya na ƙasa kuma gaba ɗayansu gida 2 suke rabawa. Ƙungiyar Oxfam a Janairun 2024 ta ce mutum 5 da suka fi kowa kuɗi a duniya dukiyarsu ta ninka tun daga 2020, a daidai lokacin da kusan mutum biliyan 5 suka ƙara talaucewa, wato shekarun korona da muke zaune a kulle ana neman na koko wasu nasu ninkawa yake. Shi ya sa ma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara muradunta 17 a 2015 ta ware na 10 musamman don rage wannan tazara, a cikin ƙasashe da kuma tsakanin ƙasa da ƙasa, wai zuwa 2030, ga 2030 ɗin nan ta kusa ƙwanƙwasa ƙofa.

A gida kuwa, hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2022 ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne suke cikin talauci ta fuskoki da dama, ba rashin kuɗi kawai ba har da rashin makaranta da asibiti da ruwan sha da makamashin girki, kuma kusan kashi 65 cikin 100 nasu a arewa suke, jihar Kano ita kaɗai ta haura miliyan 10. To ku duba abin mamaki, garin da ya haifi wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka, ya kuma haifi Abdussamad Rabi'u, garin Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa, shi ne kuma yake sahun gaba a yawan talakawa da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, har sai da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024. Mafi ƙarancin albashi an mayar da shi naira 70,000 a 2024, a ƙarshen 2024 ɗin buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin albashin gaba ɗaya, wannan fa mai albashi kenan, ina ga wanda sai ya fita ya samo sannan a ɗora tukunya.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau, don ku ma kun san zafin a raina mutum saboda inda ya fito. Alhajin da ake buɗe wa ƙofar mota a Kwari, in ya je neman biza sai ka gan shi a layi da fayil a hannu, wani yaro sa'an ɗansa yana masa tambayoyi ta bayan gilashi kamar ɓarawo, ƙarshe a ce ba a gamsu zai dawo ba. Dubai da kuka ɗauke ta kamar ƙofar gida sai da ta rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa 2024, kuɗinku bai hana ba. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni, kowa ya ga yadda hankalinku ya tashi, ana ta buga waya Wapa wajen 'yan canji safe da yamma, mutum yana zaune a shagonsa bai yi asarar ko yadi ɗaya ba amma jarinsa ya zabge fiye da rabi. In ka je banki rance kuɗin ruwa ya doshi kashi 30, abokin gasarka a Chaina yana karɓa a ƙasa da kashi 5, sannan a ce ku yi gasa a kasuwa ɗaya. Wannan duk tazarar ce, ta tsakanin ƙasa mai ƙarfi da mara ƙarfi, kuma a wannan layin ku ma a baya kuke tare da mu.

Ku duba kayan da suke fita daga garin nan. Fatar da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa a loda ta zuwa Italiya da Sifaniya, can a ɗinka jaka da takalmi a buga musu suna, kuɗin jaka ɗaya sai ya sayi garken awakin da aka feɗe. Riɗi da zoɓo da citta daga Dawanau a tafi da su Japan da Turkiyya da Meziko ɗanyu, ribar sarrafawa can take zama. Auduga kuwa abin takaici, Amurka ta daɗe tana ba manomanta tallafi mai yawa har farashi ya faɗi a kasuwar duniya, sai da ƙasashen Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kuka gaban ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2003, mu kuma a nan masaƙunmu suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri, yau Kwari da ake taƙama da ita a duk Afirka ta Yamma kusan duk atamfa da shadda da leshin da ke cikinta daga waje suke. Wanda ya san Bompai da Sharaɗa a shekarun 1980 lokacin da ake tashi daga aiki kekuna su cika titi, in ya bi ta can yanzu sai ya ga wasu masana'antun sun koma sito, wasu ciyawa ta cinye. Maƙwabtanmu Nijar kuma an yi shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kunna wuta da shi a Faransa, su mafi yawansu a duhu suke kwana.

Har rai ma farashinsa ba ɗaya ba ne a wannan duniyar. Mutanen Kano ba za su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya zo ya yi gwajin sabon maganinsa Trovan, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu wasu suka nakasa, kamfanin ya ce cutar ce ta yi, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ko ma mene ne gaskiyar abin, a unguwar masu kuɗi ta Landan ba za a yi irin wannan gwajin cikin gaggawa haka ba, kuma rashin yardar da abin ya haifar ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, wanda yaranmu ne suka biya kuɗinsa da ƙafafunsu. Lokacin korona ma, ko kai ba ka yarda da allurar ba, ka ga yadda aka yi rabon, zuwa ƙarshen 2021 Turai ana zagaye na uku Afirka ko mutum 10 cikin 100 ba a gama yi wa ba. Hayaƙin da ke ɗumama duniya Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100, amma tafkin Chadi namu ne ya ƙafe, hamada mu take ci.

To Alhazai, idan duk wannan ya yi muku ciwo, kuma na san yana yi don ina jin kuna faɗa a majalisa, sai ku waiwaya cikin shagonku, abin da manyan ƙasashe suke mana shi ake yi wa na ƙasa a nan. Yaron shago ya riga kowa zuwa, ya buɗe, ya share, ya kwance dila ya jera turame, kwastoma ya zo daga Agadas ko Garwa shi zai tarbe shi ya san kalar da yake so, da yamma shi zai zauna gaban injin ƙirga yana ɗaure bandir-bandir na dubu-dubu da roba, miliyoyi suna wucewa ta hannunsa, in an tashi a miƙa masa kuɗin mota da na abincin da ko shinkafa da wake ba za su kai shi ba, babu albashi tsayayye, babu takarda, babu ranar da aka ce za a sallame shi. Ya shekara goma sha yana jiran Alhaji ya waiwaye shi, ya yi aure a ɗakin haya, ranar da ɗan Alhaji ya gama digiri a Dubai ko Misira ya dawo sai a ɗora shi a kan shagon, shi kuma a fara neman sa da laifi. Ban ce kowa haka yake ba, akwai iyayen gida na kirki da suka yi wa yaransu aure suka ba su gida suka buɗe musu shago, kuma kasuwa ta san su ana sa musu albarka, amma ku da kanku kun san ba su ne suka fi yawa ba yanzu. A Sabon Gari ɗin nan 'yan kabilar Ibo suna yanka wa yaro shekarun da zai yi tun ranar da aka kawo shi a gaban iyayensa, lokaci na cika a sallame shi da jari, shi ma gobe ya ɗauko wani. Mu da muke da addinin da ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, me ya hana mu?

Wani abin da mai hali bai cika lura da shi ba, talaka ya fi shi sayen komai da tsada. Kai ka haƙa bohol ka ɗora sola ruwa sai dai a buɗe famfo, shi kuwa kullum sai ya tsaya bakin lungu yana jiran ɗan garuwa ya turo kura, jarka-jarka yake saye, in ka lissafa a wata ya fi ka kashe kuɗi a kan ruwa kuma ruwan ma Allah kaɗai ya san daga inda aka ɗebo. Kai buhu kake saya a farashin sari, ita matarsa gwangwani take aunowa da ƙullin mai da ƙullin omo, kowane ƙulli da ribar mai kanti a kai. Wuta ma an raba ta aji-aji, a Afrilun 2024 'yan Band A an yi musu alkawarin awa 20 a kan naira 225 duk yunit, tela da mai walda da mai niƙa a cikin unguwa kuma sai dai janareto, ga fetur da aka cire wa tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya tashi daga ƙasa da 200 ya haura 1,000 a 2024. In ciwo ya zo, kai jirgi za ka hau zuwa Alƙahira ko Indiya, shi za ka gan shi a ƙofar masallaci bayan la'asar da takardar magani a hannu ta yi laushi saboda ninkewa, yana jira liman ya yi sallama ya miƙe ya yi bayani kansa a ƙasa.

Ku kuma iyayenmu na Dawanau, manomi da kaka bashi ya sha masa kai, na taki da na maganin feshi da na 'yan ƙwadago, dole ya kawo hatsinsa lokacin da ya fi araha, a saye a kulle a sito, da bazara ta yi nisa shi ɗin dai zai dawo ya auna a kwano da ninkin abin da ya sayar. Na san ajiya ba haramun ba ce, kasuwanci ne, kuma ba don masu sito ba da hatsin ma ya lalace ko ya tsallaka iyaka. Amma kun tuna watan Fabrairun 2024, lokacin da mata masu gurasa suka fito titi saboda tsadar fulawa, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha ta je ta garƙame wasu rumbuna bisa zargin ɓoye abinci, ranar ba ku ji abin da mutane suke faɗa a kanku a cikin adaidaita sahu ba, ni na ji, kuma ba addu'a ba ce.

Watanni shida bayan nan aka ga abin da aka gani. Ranar 1 ga Agustan 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe, aka fasa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa wadda ko buɗe ta ba a yi ba, yara suna gudu da kujeru da kwamfutoci a ka, aka fasa sito-sito ana jan buhuna da jarkokin mai, aka rasa rayuka, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, kasuwanninku suka zauna a rufe, da yawanku a daren nan ba ku runtsa ba kuna ta kiran masu gadi. Ba na goyon bayan sata ko ta allura ce. Amma ku tuna fuskokin yaran, da kuma waɗanda aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba suna faɗuwa a gaban alƙali ƙasusuwa a waje, ba daga wata ƙasa aka kawo su ba, 'ya'yan lungunan da ke bayan katangunku ne. Ruwa ba ya tsami banza. Dattawan cikinku sun ga Maitatsine a Disambar 1980 a 'Yan Awaki, sama da mutum 4,000 suka mutu, kuma mafi yawan waɗanda suka bi shi samari ne da suka shigo birni suka ga daula da idonsu ba su da ko wurin kwana. Faɗan daba da ƙwacen waya da ya hana mutum amsa kira a titi bayan magariba, da shaye-shayen da ya shiga har cikin gidajen aure, duk ɗiban ma'aikata suke daga wannan tarin samarin da ba makaranta ba sana'a.

Kuma haka abin yake a ko'ina. A Tunisiya mai tallan kayan marmari ne a kura, Muhammad Bu'azizi, ya cinna wa kansa wuta a Disambar 2010 bayan an ƙwace masa kaya, kafin wata guda shugaban da ya shekara 23 ya gudu. A Sudan kuɗin burodi ne ya tada Atbara a Disambar 2018, zuwa Afrilu Albashir ya sauka, ku dubi inda ƙasar take yau. Afirka ta Kudu da ake cewa ta fi kowace ƙasa wannan tazara, masu kuɗinta a bayan waya mai lantarki suke kwana, amma a Yulin 2021 aka wawashe manyan kantuna sama da mutum 300 suka mutu. Ko a bar maganar tsoro ma a yi ta ciniki, ku wa za ku sayar wa? Mai kuɗi komai kuɗinsa ciki ɗaya gare shi, turmi nawa matansa za su ɗaura? Ribar Singa da Kwari a hannun miliyoyin masu sayen kaɗan-kaɗan take, ranar da suka kasa, sai ku wuni kuna kallon juna kuna cewa kasuwa ba ciniki kamar yadda aka yi ta yi a sallolin nan. Cuta ma haka, mashaƙon da ya ɓarke a 2023 Kano ce ta fi ko'ina kamuwa saboda yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kuma direbanka da mai aikin gidanka daga can suke zuwa kullum da safe.

Na san za ku ce ai muna yi, kuma kuna yi ɗin, babu garin da ya kai Kano ciyarwa da azumi, Allah ya saka. Amma ku leƙo ta taga ku ga yadda ake rabon. Tun kafin asuba mata sun yi layi a jikin katanga, da goyo da tsofaffi, rana ta take har azahar, mai gadi yana zagayawa da dorina, can a buɗe ƙaramar ƙofa a fara miƙo 'yan dubu ɗaya ko biyu da taliya, a yi ta turereniya hijabai suna yagewa, wani yaron gida yana gefe yana ɗauka a waya don a sa a TikTok. A Bauchi a Maris 2024 rayuka aka rasa a irin wannan rabon, a Disambar shekarar kuma sama da mutum 60 suka mutu a turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija. Matar nan baɗi za ta dawo layin, 'yarta ma ta girma ta shigo layin. Zakka fa ɗaya cikin arba'in ce ta duk dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, har da kayan da ke cikin sito a kimanta su da farashin ranar, haƙƙin mutane ne da aka ajiye a hannunku, kuma malamai da yawa sun yi bayanin an fi so a ba mutum abin da zai fitar da shi daga layin masu karɓa. Wanda zakkarsa ta kai miliyan 50, in ya zaɓi mutum 50 da ya sani ya saya wa wannan keken ɗinki, wannan injin markaɗe, wannan firiza da sola, wannan ya biya masa bashin adaidaitar da yake ta biya kullum bai gama ba, wallahi cikin 'yan shekaru wasunsu su ma za su fara fitarwa. A cikin suratul Hashri Allah da kansa ya faɗi dalilin rabon dukiya, don kada ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kawai.

Sai maganar waƙafi, wadda mun bar ta a masallaci kaɗai. Layi ɗaya sai ka ƙirga masallatai uku kowanne da tayil da na'urar sanyaya ɗaki, firamaren gwamnatin da ke bayansu kuma yara sun haura 100 a aji ɗaya a zaune a ƙasa, rufin ya yaye. Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya ya bar wa mutanen Madina, Azhar ta Misira da waƙafi ta rayu ɗaruruwan shekaru. Mene ne laifi in Alhaji ya ware shaguna biyu a filazarsa ya rubuta a gaban shaidu cewa hayarsu har abada ta albashin malaman lissafi ce a makarantar unguwar da aka haife shi? Kujerar hajji ta haura miliyan 8 a 2025, wanda ya je sau goma ya kuma je umara duk azumi, kuɗin zuwa ɗaya zai rufe azuzuwa nawa? Ƙasar Barazil daga 2003 ta fara ba iyaye mata 'yan kuɗi duk wata da sharaɗin yaro ya je makaranta a kuma yi masa rigakafi, zuwa 2014 an cire ta daga taswirar ƙasashen da ke fama da yunwa, ba wani sihiri a ciki, an dai bi ta kan yaran ne. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne, garin Malam Aminu Kano ne fa, tun 1950 jam'iyyar NEPU ta fara maganar talaka, kuma da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali ya buɗe ajujuwan yaƙi da jahilci mutane sun ga bambanci a jikinsu.

Abu na ƙarshe, kuna da bakin da mu ba mu da shi. Babu ɗan takarar da zai yi gwamna ko sanata a jihar nan bai zo ya durƙusa a falonku ba, kuma kowa ya san da kuɗin wa ake kamfen. In sun zo, maimakon fili da kwangila da sassaucin kwastan, ku ce musu ruwan Tamburawa ya isa Kurna da Bachirawa, a ba Sharaɗa da Challawa da Bompai wuta tsayayya, a ɗauki malamai a biya su. Ku ma ku biya harajin da ya hau kanku sannan ku tsaya a kan a nuna muku inda aka kai shi, don mai shayi da mai kayan miya kullum sai an yanka musu rasit. Waɗanda Allah ya ba ƙarfi kuma a daure a mayar da wani abu cikin masana'anta ko da ribarta ba ta kai ta kwantena saurin dawowa ba, injin gyaran riɗi ko matsar mai ko ɗinkin takalmi zai ɗauki samarin da filaza goma ba za ta ɗauka ba.

Ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma, ina roƙon a fara da wadda ba ta buƙatar sa hannun gwamnati, a zaman ku na gaba a kawo maganar yaran shago, a tsayar da cewa duk wanda zai ɗauki yaro sai an rubuta shekarun da zai yi da abin da za a dinga ba shi duk wata da abin da za a sallame shi da shi, uban yaro ya sa hannu, ƙungiya ta ajiye kwafi. 'Yan dako su ma a yanka musu farashin buhu da na dila a manna a ƙofar kowane layi, a dinga sabunta shi duk lokacin da kuka sabunta farashin kayanku.

In na yi kuskuren lafazi a gafarce ni, ɗa ne yake magana da iyayensa. Allah ya ƙara rufa asiri.

Wassalam,
Ɗanku daga Fagge